Ranar da Na Tayar da Mataccen Bashi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Larabcina ya kayar da ni a unguwar Dokki da ke Giza ba, ni da ɗalibai ke kira Ustaz, ni da nake gyara wa liman wasali a zuci.

Lokacin da na fara aikin fassara a wani kamfani, banki ya ba ni katin cin bashi. Na sayi firji, na sayi waya, na sayi wani takalmi da har yau ban san dalili ba. Kamfanin ya rufe, biya ya tsaya, ni ma na yi lamo. Bayan shekaru da yawa sai ga sammaci har gidana a Giza. Ga shi ɗan abin da na tara na tikiti ne, na yi wa Hajiyata alkawarin yin Sallah a Zariya.

Aka haɗa ni da wani dattijon lauya. Na tura masa hoton takardun, ya kira ni ina cikin bas, direba na faɗa da fasinja. Ya ce, "Hanidfa' bit-taƙadum, khalas." Kunnena ya kama "za mu biya", ya kama wani abu mai kama da muƙaddam, wato kafin alƙalamin da masu gidan haya ke karɓa. Ya ce na gane? Na ce, "Tamam," wato sarai. (Mai digiri a nahawu ai ba ya cewa a maimaita.)

Washegari na wuce banki da sassafe, na biya wani abu, na sa hannu cewa sauran yana kaina. Ma'aikacin har shayi ya sa aka kawo min. Na koma gida ina rangaji, na ce wa matata ta shirya ta raka ni ta ga yadda ake gama shari'a.

A ofishin lauyan da ke Dokki, ga mutane zaune suna jira, na ajiye rasit a tebur ina murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa.

Ashe a bakin lauyoyi kalmar nan ta "biya" tana nufin kafa hujja. Taƙadum kuwa shi ne wa'adin da doka ta ba mai bin bashi ya kai ƙara ya riga ya wuce. Ya ce da hujjar nan kaɗai za a kori ƙarar, amma yanzu na amsa bashin da hannuna, lissafin shekaru ya koma farko.

"Ya Ustaz," in ji shi, "bashi ya mutu, kai ka je ka yi masa ruƙiyya."

Sakatariyarsa ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Ni kuma, don rashin ta ido, na fara bayanin cewa ai asalin kalmomin ɗaya ne, ƙaf, dal, mim. Matata ta take min ƙafa.

Da na kira Hajiya na ce bana ba zan zo ba, sai da ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce, "Au, da kuɗin mutane za ka hau jirgi ka zo gaishe ni? Biya su tukuna, ɗan nan."

Ina nan ina biya wata-wata. Yanzu ko mai tumatir ne ya yi min magana, sai na ce ya maimaita a hankali, ni baƙo ne.