Dogo Kyakkyawa Ya Tafi Agadas

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, ranar da bakina ya riga hankalina fita aiki, a gaban matan gari, da baƙo daga Magarya, da uwar mijina. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ni 'yar Magarya ce, can na yi lakwal, wato makarantar boko, har kolej, aure ne ya kawo ni wani ƙauye a gefen Kwaya. Mijina Lawali (yanzu ina rubuta sunan hankali kwance, tunda abin da ake gudu ya riga ya faru) shi ne ɗan fari wurin uwarsa, wadda duk gidan muke kira Inna. Kun dai san yadda abin yake a wurinmu: mace ba ta kama sunan mijinta gaban surukai, uwa kuma ba ta kama sunan ɗan farinta ko a mafarki. Inna "yaron nan" take ce masa, alhali yaron nan har gemu ya ajiye. In wani mai tallan goro ya shigo, aka yi rashin sa'a sunansu ɗaya, sai ta ce a kira mata mai sunan yaron nan. Ni kuwa a gaban mutane Malam nake cewa, ko in ce "shi" kawai a gane. Amma a ɗaki, ko a waya in ya tafi ci-rani Agadas bayan girbin gero, sunansa nake kira gatsal, don shi da kansa ya ce ya fi masa daɗi. A nan bakina ya lalace ban sani ba.

Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a garin, aka nemi wadda ta yi lakwal, ni aka samu. Inna ba ta hana ba, amma ta ja mini kunne cewa kada in jawo mata abin magana. Bayan kwana biyu sai ga ta a ajin da ƙwaryar gyaɗarta, ta shimfiɗa tabarma can baya. Ta ce ita ba karatu ya kawo ta ba, inuwar rumfar ce ta fi ta gida sanyi. (Ƙaramin allon da ke ƙarƙashin mayafinta kuma, ina jin shi ma inuwar ya biyo.)

Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ni da nake baƙuwa a gari, wadda ake yi wa kallon 'yar birni da ba ta iya sussuka ba, sai ga shi dattawan mata suna ce mini Madam. Shekarar farko muka yi ta a kan baƙi da wasali, har mata suka fara gane sunayen da ke cikin wayoyinsu ba sai sun nemi ɗan makwabta ba. Shekara ta biyu muka shiga ginin jimla: wannan suna ne, wannan aikatau ne, wannan kuma sifa ce mai faɗa mana kamannin abu. Muna cikin haka labari ya zo cewa inspekta zai zagayo daga Magarya ya duba azuzuwa. Ajin da ya ga ba ya motsi za a rufe shi, a ɗora tablon, babban allon ajin, a amalanke a kai wani gari. In aka rufe namu, matan su koma gidan jiya, ni kuma in koma 'yar birnin da ba ta iya sussuka ba.

Sai na shiga shiri ba ji ba gani. Na zaɓi jimlar da ba ta taɓa kowa ba: "Akuya ta ci dawa." Kullum bayan azahar akuya ta ci dawa. Wa ya ci? Akuya. Me ta yi? Ta ci. In muka zo sifa, jar akuya ta ci dawa, baƙar akuya ma ta zo ta ci nata rabon. Har Gwaggo Tabawa mai ƙuli-ƙuli, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta ce in ba a ɗaure akuyar nan ba kumburin ciki zai kashe ta kafin baƙon ya iso.

Ran Laraba ya iso a kan moto, wato babur, dattijo mai gilashi da fara'a. Muka ba shi kujera ɗaya tilo da muke da ita, ya zauna a gefe ya zare bik ɗinsa na rubutu. Na fara darasi, kuma wallahi abin ya tafi sumul. Akuya ta ci dawa, mata suka amsa da murya ɗaya har rumfar karan tana rawa. Na fara jin kaina yana kumbura, ina ma tunanin yadda zan ba da labari a waya da yamma.

Sai ya ɗaga bik ɗin.

"Madam, akuyar nan ta ƙoshi. Ga alama haddace ta suka yi. Ba su sabuwar jimla mu gani, mai sunan mutum a ciki, abin da ya faru da gaske."

Duk sunayen da Allah ya halitta suka gudu daga kaina, ba Musa ba Isa, ko Tanko ban samu ba. Abin da ya rage kawai shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi tun bayan girbi. Hannuna ya ɗauki alli ya rubuta, bakina ya karanta da ƙarfi irin na malamai: "Lawali ya tafi Agadas." Na buga tablo da tsumagiya na ce su maimaita.

Shiru. Ko tari babu.

Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa abin da ya rufe bakin mata masu surutu irin waɗannan. Ni kuwa sai na yanke cewa kunyar baƙo suke ji, kuma maganin kunyar ɗalibi shi ne malami ya ƙara murya. Na ƙara. Wa ya tafi? Lawali. Lawali shi ne suna a jimlar nan. Me Lawali ya yi? Lawali tafiya ya yi. Ina Lawali ya tafi? Na yi ta jera sunan nan kamar mai tallan bijimi a kasuwar Dancaw. Gwaggo Tabawa ta shiga yi mini tari tana ƙifta ido tana karkata kai wajen baya, ni kuma (Allah ya yafe mini) na ce wata ta miƙa mata ruwa. Wata amarya a gaba ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, na ɗauka zazzaɓi ne ya kama ta.

Da na ga shirun ya ƙi ƙarewa, sai na ce a raina wataƙila jimlar ce ta bushe, bari in sa mata sifa ta yi armashi. Na tambaye su Lawali wane iri ne. Ba wadda ta tanka, sai na amsa wa kaina: dogo ne. Na rubuta. Na saci kallon inspekta, na ga ya gyaɗa kai, kuma gyaɗa kan nan shi ya ƙarasa ni. Na ce ai sifa tana iya zama biyu, na ƙara da alli mai kauri. Jimla ta tsaya a tablo ɓaro-ɓaro, kowa yana gani: "Lawali dogo kyakkyawa ya tafi Agadas."

A horon da aka ba mu a Magarya an ce in aji ya yi shiru, malami ya zaɓi mutum ɗaya daga baya, don na baya su ne ake mantawa. Ni kuma ɗaliba ce mai riƙe darasi. Idona yana kan inspekta don ya ga na san aikina, na miƙa tsumagiya can baya na ce, "Ke ta ƙarshen nan, karanta mana."

Sannan na juya. Bakin tsumagiyar yana kan Inna.

A lokacin ne hankalina ya iso wurin aiki, ya tarar an gama ɓarna. Na kira sunan mijina gaban uwarsa har ban san iyaka ba. Na yabi tsayinsa da kyansa a bainar jama'a. Na nuna surukata da tsumagiya, na ce mata "ke", ni da ko ruwa zan miƙa mata sai na durƙusa. Yanzu kuma ina neman ta faɗi sunan ɗan farinta da bakinta. Allin ya suɓuce daga hannuna. Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar Kwaya rairayi ce, ba ta san wannan taimakon ba.

Inspekta bai san komai ba, shi dai aji ya gani da ya kasa karanta jimlar da bai haddace ba. Ya mayar da marfin bik ɗinsa, ya ce da Inna cikin ladabi, "Iya, a daure a gwada mana. In ba wadda ta iya karanta sabuwar jimla a ajin nan, ba ni da abin da zan kai Magarya."

Na buɗe baki in ce a bar ta, in goge jimlar, in faɗi gaskiya ko da za a rufe ajin, amma aka riga ni. Inna ta ture ƙwaryar gyaɗa gefe, ta kakkaɓe hannunta a zane. Ba ta dube ni ba, tablo ta duba. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta fara bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yadda na koya musu, da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

"La... wa... li."

Matan nan kowa ta sunkuyar da kai. Inna ta ci gaba, ta wuce dogo lafiya, ta ɗan yi tuntuɓe a kan kyakkyawa, ta koma ta gyara, ta kai shi Agadas ta ajiye. Tana rufe baki Gwaggo Tabawa ta ɗauka da ƙarfi, sauran suka bi ta. Tunda uwar ta faɗa, wa ya rage ya ji nauyi? Daga nan aji ya ɓalle. Inspekta ya yi ta tambaya suna amsawa, wannan ta nuna suna, waccan ta nuna aikatau, har suka shiga gina nasu jimlolin da sunayen mutanen wasu garuruwa. Ni dai ina tsaye riƙe da tsumagiya har aka tashi. Ya zare marfin bik ya yi rubutu mai tsawo, ya ce ajin nan yana nan daram.

Ya je zai hau moto ke nan Gwaggo Tabawa ta bi shi ta raɗa masa ko wane ne Lawali, da ko wace ce tsohuwar da ya sa ta karanta. Bawan Allah ya dafe baki. Ya dawo har tabarmar Inna, ya cire takalmi ya tsuguna ya ba ta haƙuri. Ta ce masa ba komai, ya gaida mutanen Magarya.

Ni kuwa na tsaya sharar rumfar da ba ta bukatar shara har rana ta yi ja. Da na ga ba inda zan kwana in ba gidan ba, na ja ƙafa na shiga. Na tarar da Inna a bakin murhu tana tuƙa tuwo. Na durƙusa nesa kaɗan, na ce Inna ku yafe mini, bakina ne ya kuɓuce, sai hawaye. Ta bar ni na yi mai isata, tana ta tuƙinta.

"Tashi, 'yar nan. Ai ba a rufe mana lakwal ba, ko?"

Na ce ba a rufe ba. Wannan "mana" ɗin, daga bakin wadda inuwa kawai ta kawo ta, ya ƙara sa ni wani kukan. Ta ɗaga muciya ta dube ni ta gefen ido, ta ce dogon dai ta sani, tunda ita ta yi ta fama da ɗinkin wandunansa, kyan ne ba ta taɓa lura ba sai da aka rubuta mata a tablo. Na rufe fuska da tafin hannu. Sai ta rage murya, ta ce tun ranar da liman ya raɗa sunan bai taɓa bi ta bakinta ba, a zuci kawai take kiransa in tana yi masa addu'a.

"Ashe da daɗin faɗi," in ji ta. "Amma kada ki sake."

Ban sake ba, ita ma ba ta sake ba. Washegari ya koma yaron nan, har yau kuma yaron nan ne. Na san abin da Inna ta sauke a kan tabarmar nan don kada a kunyata ni gaban baƙo, kuma ba ni da abin da zan biya ta sai addu'a, ita kuwa ina yi mata ita kullum.

Labari kuma ya riga ni isa Agadas, don matan da na koya wa neman suna a waya sun yi aiki da karatunsu. Da na kira mijin nawa da yamma, ko sallama bai bari na gama ba ya ce dogo kyakkyawa ne a kan layi, wa ke magana? Har yanzu in na bi ta bakin rijiya sai wata ta tambaye ni ko dogon ya dawo.

Abin da na koya bai fi a ƙirga ba: kafin ki miƙa tsumagiya, ki dubi wadda ke zaune a ƙarshenta. Jimlolin ajina kuma na mayar wa akuya kayanta. Shekara da shekaru tana cin dawa a tablona, kuma ko na ce mata kyakkyawa, uwarta ba ta zama a layin baya.