Rasuwar Sarkin Kumfa, Famfon Iskar Baba Mamudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda wannan ne karo na biyu da ta karye, Baba Mamudu Mai Kifi na Akwatia Line yana sanar da jama'ar Zangon Kumasi rasuwar Sarkin Kumfa, famfon da ke hura wa kifayensa iska a cikin akwatin gilashi.

A shaida, Baba ne ya fara ganinsa. Marigayin yana kwance cikin tarin kayan gwanjo a bakin titin Aboabo, jama'a na tsallake shi, mai kayan ma yana zaton injin aski ne. Baba bai taɓa zama a bencin makaranta ba, amma mutumin da ya yi dako a kasuwar Kejetia har gashin tsakar kansa ya ƙare, ya kuma tashi daga ciwon da ya kwashe sa'anninsa, ba a koya masa sanin abu mai ƙarko. Ya auna shi a tafin hannu, ya sa aka jona, ya kara a kunne. Famfo mai yawan ihu ba ya aiki, in ji shi. Wannan kuwa zuuu kawai yake yi, kamar malami na wuridi.

Baba ne ya zaɓa wa kumfarsa shimfiɗa a ƙasan akwatin. Waɗanda suka kwaikwaye shi daga baya sun zuba yashin magina, ruwansu ya koma kamar koko. Baba tsakuwar rafi ya samo, mai santsi, girman wake, ya yi ta wanki har ruwa ya fito fes. A kanta marigayin ya yi shekaru yana hura kumfa ta tiyo, ɓul-ɓul-ɓul. Bai taɓa neman hutun Juma'a ba, bai taɓa jan mutum da wuta ba.

Marigayiya Hajiya Latifatu, matar Baba, ta daɗe tana ce masa ƙudan tsoho, tana rantsuwa wata rana sai ta jefa shi kwata. Da ciwo ya kwantar da ita, ita ce ta hana a kashe shi. Ita ta sayo wata jar kifanya babba, ta sa mata suna Jan Gyale. Tun da aka fita da Hajiya, zuuu ɗin nan ne mai amsa wa Baba sallama.

Ajali ya zo ranar sunan jikar maƙwabciyar Baba, Asama'u. Aka ari teburin marigayin don ɗora tukwanen wakye, wato shinkafa da wake, aka sauke shi ƙasa. Ana cikin rabon abinci aka ɗauke wuta, ruwan akwatin ya biyo tiyo ya gangaro cikin marigayin. Da wuta ta dawo ya yi tari, kaf-kaf, ya yi shiru. Rafiu mai gyaran rediyo ya buɗe shi, ya girgiza kai. Baba ya yafe wa Asama'u, maƙwabtaka ta fi tebur. Amma bai ce ya manta ba.

Marigayin ya bar tiyo guda, da dutsen kumfa, da ƙananan kifaye marayu, da Jan Gyale, wadda yanzu take saman ruwa tana buɗe baki. Baba na zaune da ludayi, yana ɗibar ruwan yana kwararawa don ta sami iska. Kafaɗar da ta ɗauki buhun masara ba ludayi zai kayar da ita ba.

Za a naɗe marigayin cikin farin ƙyalle, a binne shi gindin gwandar tsakar gida yau bayan la'asar. Zaman makoki a ƙofar ɗakin Baba. Kada a kawo goro. Mai son lada ya karɓi ludayi.

Su Rafiu kuma, da ke yawo suna cewa sababbin famfunan kasuwa sun fi shi, Baba ya ce ƙarya suke yi. In akwai namiji a cikinsu, ya ɗauko nasa ya zo da shi kafin magariba, ya jona a gaban jama'a, a ɗora shi sama da ruwa. In Jan Gyale ta rufe baki ta koma ƙasa kan tsakuwa, Baba zai cire hularsa a tsakar gida. Ƙofa a buɗe take. A dai yi sauri.