Ranar da Maƙwabcina Ya Rufa Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a unguwar Abbaganaram ta Maiduguri ba, ranar da na yi wa talaucina kwalliya don ya burge baƙi. Har yau idan na ji ƙamshin turaren wuta sai na ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa.

A tsakiyar shekarun 1980 ne, lokacin da guguwar rage ma'aikata ta kwashe ni daga kujerar akawu. Ina tsaka da digiri na biyu, saura babi biyu in kammala kundina, ga shi mai gidan da nake haya ya ba ni wa'adin ƙarshen wata: ko kuɗi, ko makulli. Idan na rasa ɗakin nan, sai dai in tattara in koma ƙauye, karatu kuwa ya bi ruwa.

Sai na ji labarin ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Maiduguri tana da asusun tallafa wa wanda ya rasa aiki, har da biya masa hayar wata shida. Na rubuta takarda mai ban tausayi (ni kaina da na sake karantawa sai da na share ƙwalla). Aka ce to, amma sai wakilai biyu sun zo sun ga halin da nake ciki da idonsu.

A nan ne ilimin boko ya yi mini rana. Na dubi ɗakina: ga fanka, ga rediyo mai kaset, ga katifa mai kauri, ga dardumar da na saya zamanin ina da albashi. Na ce a raina, wa zai tausaya wa mai fanka? Ranar Juma'a da yamma na kwashe su kaf zuwa gidan maƙwabcina, Alhaji Bukar, dillali a Kasuwar Shanu, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin hannu. Na ce masa feshin kuɗin cizo zan yi. Ya ce, "Ajiye, Malam, ajiye. Ɗakinka ne."

Washegari na shimfiɗa wata tsohuwar tabarma da ɓera ya ci gefenta, na sa rigar da na daina sawa tun ina bautar ƙasa, na jera littattafai a ƙasa yadda za a ga ilimi na wahala. Har atisayen murya na yi, irin ta wanda bai karya ba (alhali na cika cikina da ƙosai).

Da hantsi suka iso. Malam Ishaku, tsohon akawu mai ritaya, da babbar riga da jakar takardu. Sai Malama Rifkatu, shugabar wata makarantar firamare, mace mai kallon da ke sa yaro ya amsa laifin da bai riga ya yi ba. Suka zauna a tabarmar. Malam Ishaku ya kalli bango, ya kalli ƙasa, ya girgiza kai.

"Ɗana, a nan kake kwana?"

"A nan, Baba," na ce, ina sunkuyar da kai.

Ya zaro alƙalami. Zuciyata ta ce an gama.

Ashe Alhaji Bukar ya hango su suna shigowa. Dattijo da babbar riga, dattijuwa da mayafi, sun zo gidan tuzuru ranar Asabar da safe: shi a lissafinsa ba wasu ba ne, dangin wata yarinya da nake nema da aure ne suka zo bincike. Kuma a tsarin Alhaji, maƙwabcinsa ba ya jin kunya yana raye.

Sallamar Alhaji kawai na ji kamar saukar aradu, haɗe da gaisuwar Barebari. "Wushe, wushe! Lale da manyan baƙi!" Ya shigo da fankata a kafaɗa, dardumata a hammata.

"Subhanallahi! Malam, a kan wannan ka zaunar da mutane? Ku tashi, ku tashi, don Allah!"

Na shiga ƙifta masa ido. Ya ƙifta mini nasa, wai ya gane. Ya fita ya dawo da rediyo. Ya sake fita ya jawo katifa, yana haki. Kamar hakan bai isa ba, ya ƙaro da abin da ban taɓa mallaka ba: wata jar shimfiɗa mai laushi daga ɗakinsa, da tire cike da gasasshen nama, da kaskon turaren wuta da uwargidansa ta haɗa, irin na Barno wanda ke kama tufafi har mako. Cikin minti goma ɗakina ya koma kamar masaukin wani babba a GRA. Ya kunna fankar ma, ya juya ta saitin Malam Ishaku.

"Kada ku ga ɗakin haka," in ji shi. "Jiya ya kwashe kayan, feshi ya yi."

Malama Rifkatu ta ɗan shaƙi iska. "Feshi? Ikon Allah. Maganin nan kuwa ba shi da wari."

"Mai tsada yake saya!" Alhaji ya amsa da alfahari. "Wannan yaro da kuke gani, babu abin da ya rasa. Haya? Ba ta kwana a kansa. Shanu biyu gare shi a garkena, bajimai!"

Ni da ko kaza ban ajiye ba. Na ga alƙalamin Malam Ishaku ya tsaya cak, sannan ya mayar masa da murfi a hankali. Gumi ya karyo mini duk da fankar, na yi fatan ƙasa ta tsage in shige.

Malama Rifkatu ta ɗauki tsoka ɗaya, ta tauna a natse, ta ce, "To ɗana, cikin labaran nan biyu, wanne za mu kai wa ƙungiya?"

Babu mafita. Na fayyace komai, tun daga takardar sallama daga aiki har zuwa ƙaryar kuɗin cizo. Malama ta yi dariya har ta riƙe ciki. Malam Ishaku bai yi ba. Ya ce, "Wa ya gaya maka fanka tana hana taimako? Wanda muka taimaka wa bara har keke gare shi. Amma wanda ya shirya mana wasan kwaikwayo, ba zan iya sa masa hannu ba." Suka yi godiyar nama, suka tafi.

Ya rage daga ni sai Alhaji, da hayaƙin turare. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Wato za a kore ka ƙarshen wata, katanga ɗaya tsakaninmu, ban sani ba? Ka tsallake ni ka je kana rubuta wa mutane takarda? Ka sa na yi ƙaryar shanu a banza!"

Na ba shi haƙuri. Sai ya sake saɓa fankar a kafaɗa.

"Ɗakin ƙofar gidana, inda baƙin fatake ke sauka, babu kowa. Ɗauko katifar. Kayan naka ai sun riga sun san hanya."

A ɗakin nan na rubuta babi biyun, na kammala digirina, ko sisi bai karɓa ba. Sai dai na biya ta wata hanyar, domin shekara da shekaru, duk inda muka haɗu, ko a tsakiyar jama'a ne, sai ya ɗaga murya: "Malam, yaushe za ka zo duba shanunka?"

Abin da na koya shi ne, talauci idan na gaske ne ba ya bukatar kwalliya. Idan kuma ka nace sai ka yi masa, to ka fara sanar da maƙwabcinka, musamman idan mutumin kirki ne.