Direban Fanka da Randar Inna

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kashe kwamfuta goma sha biyu a Shagari ba, a gaban malamina na lissafi, ina tsaye ina murmushi kamar ango. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Bodinga, kuma ina da wata cuta: ba na iya jin an ce abu ya gagara ban ce a kawo in gani ba. Malam Umaru, wanda ya koya min lissafi ina yaro, shi ne shugaban wata makaranta a Shagari. An ba makarantarsa tsofaffin laftof goma sha biyu iri ɗaya, aka ɗora musu manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Da su ne 'yan ajin ƙarshe za su koyi rubuta jarabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yi, alhali yawancinsu ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. Matsalar ita ce da bazara ta kama, sai na'urorin su yi zafi su mutu da kansu tun kafin azahar.

Malam ya yi niyyar kai su Sakkwato wajen mai gyara. Tsautsayi ya sa na je gaishe shi a ranar.

Na ce, "Malam, kak ka wahalad da kanka. Wanga ba ciwon ƙarhe ba na, ciwon manhaja na. Ba ni guda in tahi da ita gida."

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake min in na ɗaga hannu a aji tun bai gama tambaya ba. Ya ce, "To, Allah shi taimaka. Amma ka sani yaran ga ba su da wasu."

A gaskiya hasashena daidai ne (bari in yabi kaina a nan, don nan gaba babu wurin yabo). A cikin kowace laftof akwai ɗan ma'aunin zafi, akwai kuma fanka. Uwar manhajar, wadda ake kira kenel, ita ke ba kowane sashe umarni, amma ba ta jin yaren ma'aunin da ke cikin waɗannan na'urori. Saboda haka fankar sai ta yi ta juyawa a kasalance, ko ciki na tafasa. Abin da ake buƙata shi ne tafinta tsakaninsu, ɗan shirin da masu sana'ar ke kira direba. Ban taɓa rubuta irinsa ba. Na dai karanta cewa kuskure a cikin kenel ba ya tsayawa inda aka yi shi, gaba ɗaya na'urar yake kayarwa. Na karanta, na gyaɗa kai, na wuce.

Ɗakina na kwano ne, da rana ba ya zaunuwa. Ɗakin Inna, mahaifiyata, shi ne na ƙasa mai rufin azara, kuma can wayar sola take. Sai na kwashe komatsaina na koma can. Babu tebur, amma akwai babbar randarta a lungu, zaune a kan jiƙaƙƙen yashi, an naɗe ta da ɗanyen buhu, an rufe bakinta da faifai. Tsayinta daidai da mai zama a kujera 'yar tsugunno. Na ɗora laftof a kan faifan, na ce tebur ya samu.

Mako uku na yi a wurin. Masu ƙera na'urar ba su bar wata takarda mai bayani ba, don haka da lalube na yi aikin. Ina leƙa gurabe ɗaya bayan ɗaya a cikin ɗan ƙarfen da ke kula da ma'aunin, in ba na'urar aiki mai nauyi, in ga wace lamba ce ke hawa. Ranar da na gano gurbin zafin, na ga lambarsa ta fito a allo, na yi farin cikin da ban yi ba ranar da aka ɗauke ni aiki. Gurbin fanka kuwa a takardar wata na'ura mai kama da ita na samo shi, na ce ai duk kanwar ja ce. Na tsara direban haka: in zafi bai kai digiri sittin ba, ya bar fankar da halinta, in ya kai, ya karɓi ragama, ya rubuta mata lamba mafi girma don ta yi gudu iya ƙarfinta.

Daga nan sai gwaji. Kwana biyar na'urar na aiki, zafi bai wuce hamsin da biyu ba, ko sau ɗaya ba ta mutu ba. Mai hankali zai tsaya ya ce, to in bai taɓa kai sittin ba, yaushe direban ya yi aiki ke nan? Ni ban tsaya ba. Na kira Malam na ce an gama.

Inna kan shigo da moɗa, ta ce, "Ɗaga min abin ga naka in ɗebi ruwa." In ɗaga, ta ɗiba, in mayar.

Malam ya sa Asabar. Ɗalibai sun zo tun safe, wasu daga Kajiji, wasu daga Mandera da Horo Birni, iyaye sun bar gyaran gona sun kawo su a kan babura. Har da dattawa uku na kwamitin iyaye, an sa musu kujeru a gaba. Ɗakin kwamfutar na kwano ne, babu silin. Mataimakiyar shugaba, Malama Rabi, mace mai kaffa-kaffa, ta ja ni gefe tun ina buɗe jaka.

Ta ce, "Malam, mi zai hana a hwara da guda, mu ga yadda ta yi?"

Na ce, "Malama, an wuce nan. Kwana biyat nika gwada ta."

Na ɗora wa duka goma sha biyun. Don ƙwarewa ma na sa direban ya riƙa tashi da kansa duk lokacin da aka kunna na'ura. Ɗalibai suka zauna, aka fara gwajin jarabawa, ni kuma na tsaya gaban dattawa ina bayanin kenel da tafinta, suna cewa madalla.

Wajen sha biyu da rabi ɗakin ya ɗau zafi. Da ma akwai ɗan gurnanin fankoki a ƙasa-ƙasa tun safe, sai na ji ya fara raguwa, nan ta yi shiru, can ta yi shiru, har ɗakin ya yi tsit. A nan ne na yi abin da ya fi komai ci min rai. Na ɗaga yatsa na ce wa dattawan, "Kun jiya? Shiru. Wanga shi na aikin zamani, ba hayaniya."

Ɗaya daga cikinsu, wani tsoho manomin albasa, ya miƙa hannu ya taɓa gindin wadda ke kusa da shi, ya janye da sauri. Ya ce, "Malam, ni ban san boko ba, amma wagga ta isa gasa masara."

Bai rufe baki ba allon farko ya yi baƙi. Sai na biyu. Na ruga na kunna ta farkon, direbana mai biyayya ya tashi, ya ga zafi ya wuce sittin, ya sake kashe fankar. Ashe a wannan na'urar lissafin a juye yake: lamba mafi girma ita ce tsaya cik. Na rubuta shirin da ke jiran zafi ya yi tsanani, sannan ya kashe fanka. Cikin minti goma babu allo ko ɗaya mai haske, ɗalibai sun zuba min ido, gumi na bin bayana har cikin wando.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Malama Rabi ta buɗe tagogi. Malam Umaru ya ba iyaye haƙuri da bakinsa, ya sallami yara. Na tsaya a ƙofa ina kallon babura na fita ɗaya bayan ɗaya, kowanne da yaron da ya yi tafiyar banza saboda ni. Na ji kunya, na kuma ji tausayinsu ƙwarai. Sai bayan la'asar na'urorin suka huce na cire direban. Allah ya rufa asiri, babu wadda ta ƙone.

Na dawo Bodinga da tambaya ɗaya: to me ya hana wadda na yi gwaji da ita yin zafi a gida? Na shiga ɗakin Inna, na ɗora laftof a inda na saba, na zauna na yi tagumi. Ta shigo da moɗarta.

Ta ce, "Kai dai ka nemi teburi. Tun da kaz zo ɗakin ga ban ƙara shan ruwan sanyi ba. Abin ga naka shina shanye min sanyin randa."

Na dubi faifan, na dubi ɗanyen buhun, na dubi jiƙaƙƙen yashin da take yayyafa wa ruwa safe da yamma. Kwana biyar ina yabon direbana, ashe randa ce ke aikin.

Gyaran bai wuce layi ɗaya ba. Gwajin kuwa a tsakar gida na yi shi, da tsakar rana, a kan fallen kwano, sai da na ji fankar ta yi kuka da kunnena. Na kira Malam na faɗa masa komai, har da randar. Ya ce in dawo wata Asabar. Wannan karon da guda muka fara, Malama Rabi na zaune kusa da ita da agogo, sai da ta wuce azahar lafiya aka ɗora wa sauran. Yaran sun yi gwajinsu har sau huɗu kafin jarabawa.

Amma ranar da na koma, ina sauka daga babur, Malam ya leƙa bayana, ya leƙa gefe, ya gyara tabarau.

Ya ce, "Kai kaɗai? Ina injiniyar, randar Innarka? Ko ba ta samu wurin zama ga babur ba?"

An ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, ni na yabi nawa a kwana biyar. Yanzu in na rubuta abu ya yi aiki, kafin in kira kowa sai na ɗaga shi na duba abin da yake zaune a kai. Inna kuma na saya mata sabon faifai, na saya wa kaina tebur.