Mu Sittin da Uku, Ƙuri'armu Ɗaya

Jikokina, yau da safe lambatun da ke gaban rumfata ya haɗiye mini takalmi. Ƙafar dama ta tsallake lafiya, ta hagu ta ce ba da ita ba. Haka na buɗe rumfa da takalmi ɗaya, ina jera tumatir ina yi wa wanda ya ƙirƙiro zaɓen wakilai addu'ar da ba ta bugawa a jarida ba ce.

Za ku ce ina ruwan biri da gada? Ku gyara zama.

Kasuwarmu layi tara ce. Da can in za a zaɓi shugaban kasuwa, kowa sai ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna, a watse. Bara manya suka ce wannan ƙauyanci ne. Wai cunkoso, wai rana, wai tsofaffi irina suna wahala. Allah ya saka musu, tausayin nan nasu har tsoro yake ba ni. Suka ce kowane layi ya fitar da wakili ɗaya, su taran su shiga ofis, su rufe ƙofa, su zaɓa mana.

Mu masu kayan miya sittin da uku ne a layinmu. Masu agogo su huɗu ne a nasu. Mu ƙuri'a ɗaya, su ƙuri'a ɗaya.

Mai Kifi ta fito takara, mace mai magana ɗaya, kuma alkawarinta guda ne: za ta yashe lambatu kafin damina. Ni ko abin da ya dame ni ke nan, don damina biyu a jere ruwa yana kwashe mini kwanduna, in ya yi ta uku sai dai na rufe rumfar da na shekara talatin a cikinta. Abokin karawarta shi ne Mai Girma mai ci, bawan Allah da ya shekara shida yana nazarin lambatun nan ta tagar ofis. Mun ƙirga kanmu da kanmu: Mai Kifi ta haura ɗari da hamsin, shi bai kai arba'in ba. Wakilai suka fito, biyar da huɗu, Mai Girma ya zarce. Ƙananan layuka biyar da suka zaɓe shi duk a tudu suke, ruwa bai taɓa yi musu sallama ba.

Ina cikin wanke ƙafa sai ga tsohon malamin makarantar da ke sayen albasa a wurina.

"Iya, kin ji rediyo? Manyan ƙasa sun kafa kwamiti, wai shugaban ƙasa ma a daina zaɓensa kai tsaye, kowane yanki ya tura wakilai."

"A ina suke zaman?"

"A babban otal. Wata na uku ke nan."

"Sannunsu da ƙoƙari. Sanyin na'ura ma ai wahala ne."

"Ban da zolaya, Iya, tsarin yana da hikima. In kawuna kawai za a ƙirga, ɗan takara zai tare a manyan layuka, masu agogo ba mai leƙa su."

"Gaskiyarka, Malam, su ma 'ya'yan wasu ne. Amma yanzu da aka gyara, wa ke leƙa mu? Da, Mai Girma da kansa yake durƙusawa a nan, ya ce da ni uwarsa. Bana mutum biyar kawai ya gaisar. Wakilai tara ai mota ɗaya za ta kwashe su a kai su cin abinci. Gwada kwashe mutum ɗari biyu ka gani."

Malam ya ce a ƙara masa gyara, ya tafi.

Mu ma fa ba mu zauna ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makon jiya muka yi shawara, tunda layi ake ƙirgawa, to mu ma mu rabu: layin tumatir, layin albasa, layin barkono, har bakwai. Na yafa mayafina na kai takarda ofis.

Sakatare ya ce, "Iya, ƙorafi sai ta hannun wakilinku."

"To wa ke yanke yawan layuka?"

"Wakilai."

Shekaranjiya aka liƙa sanarwa. Mai Girma ya yaba da basirarmu ƙwarai, ya kuma amince da raba layi. An raba na masu agogo: masu na hannu daban, masu na bango daban. Mutum bibbiyu, kowanne da wakilinsa. Namu kuwa an ce haɗin kanmu abin koyi ne, bai kamata a taɓa shi ba.

Hadari ya fara haɗuwa, ni kuma na fara kwashe kwanduna zuwa gidan 'yata. Ku da ake shirin yi wa irin wannan tausayi a ƙasa baki ɗaya, gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. In babu ruwan a unguwarku, ku zo layinmu, muna da shi har na kyauta.