Yadda Za Ki Samu Inshorar Gidan Reno Ba Tare da Kin Ɗaga Tabarma Ba

Kin gani. Kada ki ce ba ki gani ba. Kullum da safe sai kin tsallake wayar wutar nan mai ɗaurin salatif, wadda ta taso daga bayan firij, ta ratsa ɗakin da yara ke wasa, ta ƙare a gindin tankin kifi. Kina tsallakewa kina ɗauke kai, kamar wadda ta hango tsohon saurayi a kasuwa. To madalla, darasin nan naki ne. Matakai bakwai ne, kuma ina ba ki tabbaci: ki bi su sau da ƙafa, mai binciken kamfanin inshora ba zai manta da gidanki ba har abada.

An riga an gwada su. Amayi Kalua ta unguwar Chilomoni ce ta gwada (Amayi a yarensu kamar a ce Mama ne), mai renon yara goma sha ɗaya a falonta. Iyaye suka taru suka aiko mata Maman Tadala, ma'aikaciyar jinya, ta ce, "Amayi, muna son ki, kununki ma yara na so. Amma ranar Litinin mu ga takardar inshora manne a bango, in ba haka ba kowa ya nemi wani wuri." Kamfani kuwa ya ce zai turo mutum ranar Juma'a da ƙarfe goma ya duba gidan.

Mataki na 1: Ki tabbatar cewa da ido kawai za a duba

Mai bincike mutum ne, ido gare shi, ido kuwa ƙyalli yake so. Saboda haka kada ki ɓata lokaci a kan soket, ko ƙofar baya, ko ƙafar teburin nan mai rawa. Ki nemi bilic, ruwan nan mai faranta kaya, galan guda.

Amayi Kalua ba ta buƙaci a koya mata ba. Mace ce da ke wanke tsintsiya bayan ta gama shara. Ranar Alhamis, iyaye na kwashe yara, ta ɗaure zane ta bi falo da bilic, ta bi kujeru, ta bi 'yan tsana har sai da fuskokinsu suka koɗe. Sannan ta juyo, idonta ya faɗa kan tankin kifi.

Mataki na 2: Ki wanke soson mataci tas

Kifayen na mijinta ne, direban bas mai bin hanyar Mangochi. 'Yan shuɗaye shida ya kawo daga tafkin da ke can, yara suka raɗa musu suna. A ƙarƙashin tebur akwai mataci, wata 'yar gwangwani mai zuƙo ruwan tanki ta tace ta mayar. Kafin ya tafi da asuba ya ce mata, "Maman Limbani, ki wanke duniya in kina so, amma soson da ke cikin gwangwanin nan ki bar shi. Wannan dattin da kike gani shi ne ransu."

Ta ce, "Baban Limbani, mutumin da ke goge baki da tsumman goge gilashin mota ne zai koya mini datti?"

Haka za ki amsa ke ma. Masana za su ce miki akwai wasu halittu ƙanana a cikin soson, su ke cinye gubar kashin kifi, kuma ba a wanke shi sai da ruwan tankin kansa, a matse a hankali. Rabu da su. Wa ya taɓa ganin halittun? Amayi Kalua ta buɗe gwangwani, ta ga soso baƙi ƙirin yana yauƙi, ta ce, "Kai, wannan a gidana?" Ta tsoma shi a bilic sai da ya yi fari kamar hular mai dafa abinci a otal.

Mataki na 3: Abin da ya rage a hannu ba shi da aiki

In kin mayar da komai kin rufe, sai ki ga wani baƙin zoben roba ya rage, kada ki damu. Masu ƙera kaya suna zuba irin waɗannan ne don ado. Ki ajiye shi a kan taga, kamar yadda Amayi Kalua ta yi. In gwangwani ya fara ɗiga, ɗigo ne kawai, ɗigo bai taɓa cin gari ba.

Mataki na 4: Waya ta shiga ƙarƙashin tabarma

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin. Mai gyaran wuta zai ci miki rabin yini, ga shi zai shigo da takalmi. Tabarma kuwa minti ɗaya ce. Ki jawo babbar, wadda yara ke barcin rana a kai, ki shimfiɗa ta bisa wayar, har da wurin ɗaurin. Abin da ido bai gani ba, takarda ba ta rubuta shi.

Mataki na 5: Ki tanadar wa kifaye uzuri

Juma'a da safe babu wuta, kamar yadda aka saba. Amayi Kalua ta leƙa tanki. Ruwa garau, kai ka ce na sha ne. Kifaye biyar sun juya ciki sama, na shida yana can ƙasa yana haki. Ta kwashe su da ludayi, ta fita bayan gida, ta dawo tana goge hannu.

Tadala ce ta fara isowa, 'yar shekara huɗu, mai baki kamar rediyo. Ta manna hanci a gilashi ta ce, "Anti, ina Direba? Ina Gimbiya?"

"Sun tafi Mangochi gaida iyayensu."

"A wace mota?"

"Zauna ki sha kunu."

Mataki na 6: Kowa ya cire takalmi, har baƙo

Mai binciken, Abambo Chirambo (wato Baba Chirambo), ya iso ƙarfe goma daidai, dattijo mai taye da allon rubutu. A bakin ƙofa ta tare shi: "Abambo, a yi haƙuri, nan ba a shiga da takalmi." Ya cire, ya shiga da safa. Yara goma sha ɗaya suka miƙe suka rera masa waƙar maraba. Ya shaƙi iska, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Amayi, ko asibiti sai haka." Zuciyarta ta yi fari. Ya duba makewayi ya yi alama, ya duba akwatin magani ya yi alama. Ta riga ta zaɓi wurin da za ta manna takarda a bango.

Sai ya tsaya gaban tanki, a kan tabarma. Ashe shi ma yana kiwon kifi a gida.

"Tanki wannan girman, kifi ɗaya?"

Tadala ta ce, "Sauran sun tafi Mangochi. Amma kyanwar maƙwabta tana ta lashe baki a bayan gida."

"Tadala!"

Yarinyar ta ɗaga hannu tana nuna bayan gidan, sai ga baƙin zoben roba a wuyan hannunta. Abambo Chirambo ya sunkuya ya ce, "'Yata, ina kika samo wannan awarwaro?"

"A taga. Nawa ne, ni na tsinta."

Ya dubi zoben, ya dubi gwangwanin da ke ƙarƙashin tebur. Sannan ya dubi ƙafafunsa, don ya fara jin sanyi yana ratsa safarsa.

Mataki na 7: Ki yi ta addu'a kada a kawo wuta

Nan ne Amayi Kalua ta yi sakaci, ke kada ki yi. Wata guda ana ɗauke wuta tun safe sai la'asar, amma ran nan ƙarfe sha ɗaya saura firij ya yi tari, fanka ta juya, yara suka ɗauki ihu: "An kawo! An kawo!"

Abambo Chirambo shi ma ya sani an kawo, ta tafin ƙafa labarin ya iso masa. Dattijon da ya shigo yana dafa ƙugu ya yi tsalle ɗaya, allo ya tafi gabas, biro ya tafi yamma, shi kuwa ya sauka a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa a kunne. Yara suka kwashe da dariya suna tafi. Tadala ta ce, "Kaka, sake yi!" Ta tunkaro tabarma da gudu za ta gwada nata tsallen.

Ya cafke ta da hannu ɗaya. "Kowa ya tsaya inda yake! Amayi, kashe wutar gidan nan daga tushe."

Ta kashe. Ya ɗaga tabarma da bakin tsintsiya. Waya na kwance cikin ruwa, salatif ya saki, jan ƙarfe a waje. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ke kwanciya a nan da rana?"



Tadala ta ce, "Ni! Wurina ne. Ina kallon kifi har in yi barci."

Bai sa hannu a takarda ba. Ya ce ta kira mai gyaran wuta, a matsar da tanki, zai dawo bayan mako biyu. Ya zare zoben daga hannun Tadala ya mayar a mazauninsa, ya fita riƙe da jiƙaƙƙiyar safa. Da yamma Amayi Kalua ba ta jira Litinin ba. Ita da bakinta ta tsayar da Maman Tadala a ƙofa, ta nuna mata wayar. Iyaye huɗu sun kwashe yaransu. Maman Tadala ta ce sai ta ga mai gyara ya zo ya tafi kafin ta yanke shawara.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da hannu a mutuwar kifi, ko ƙibar kyanwa, ko rawar da wani dattijo zai taka a falonki. Duk wadda ta bi matakan nan, ita da abin da ta girba. Kuma babu wanda ya yi miki alkawarin cewa a gidanki ma ƙafar babban mutum ce za ta riga taka wurin.

Ki ajiye takardar nan. Ki je ki kashe wuta, ki ɗaga tabarmar, ki kira mai gyara yau, kafin yara su kwanta barcin rana.