Sanarwar Rasuwar Faifan Baƙin Bijimi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ban yi niyyar ɓoyewa ba, ni Trudi Gisler nake sanar da rasuwar faifan garmahona, na farko kuma na ƙarshe da ƙungiyar Baƙin Bijimi ta fitar a 1971. Ya rasu ranar Lahadi da rana a kan teburin cin abincina, a hannun surukina Reto.

An haifi marigayin a ɗakin ɓuyar bom na ƙarƙashin makarantar ƙauyenmu, domin nan kaɗai aka yarda samari huɗu masu dogon gashi su kaɗa jita da ganga ba tare da an kira ɗan sanda ba. Yayana Wisi ne mawaƙinsu. Kiɗan rok ne mai tsauri, tun kafin ƙasar nan ta san da irinsa. Gidan rediyo ya ce hayaniya ce. Ku kuma mutanen kwarin nan kuka ce yana hana shanunku ba da nono.

Marigayin ya rayu da mutunci. Bai taɓa tsallake waƙa ba, bai taɓa cin allura ba. Yakan fara da ƙas-ƙas, sai jita ta yi gurnani kamar tarakta a hawan dutse. A ƙarshen gefe na biyu, bayan ganga ta yi shiru, akan ji ƙarar ƙofa, sannan muryar Wisi: "Trudi, rufe mana ƙofa, ke!" Ni ce na leƙo da kwanon miya. Ba su goge wurin ba. Wisi ya rasu a aikin haƙa hanyar mota ta cikin dutse kafin ya yi furfura, kuma duk duniya babu inda muryarsa ta saura sai nan.

'Yan'uwan marigayin, wato sauran faya-fayan da aka buga tare da shi, sun riga shi tafiya, kun kuma san yadda aka yi. Da faifan ya ƙi sayuwa, kuka kwashe kwalayen a bagas, kuka rataye su da zare a bishiyoyin ceri don korar tsuntsaye. Shekara da shekaru ina wucewa ina ganin sunan yayana yana lilo a gonakinku.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Na ciro shi daga rigarsa ta kwali zan goge, na ajiye shi a kan teburi, na shiga kicin ɗauko burodi. Reto ya fito da tukunyar narkakken cuku tana tafasa, ya nemi abin da zai ɗora ta a kai don kada teburi ya ƙone. Da na dawo, marigayin ya lanƙwashe kamar ganyen kabeji.

"Haba Mama, teburin fa na katako mai tsada ne," in ji shi. "Kwantar da hankalinki, yanzu zan nemo miki waƙar a waya."

Ya yi ta latse-latse har cukun ya sandare. Daga ƙarshe ya ɗago ya ce, "Mama, kin tabbata an taɓa yin ƙungiyar nan?"

Marigayin ya bar rigarsa ta kwali, da garmaho wanda ba shi da sauran aiki, da ni.

Maƙwabciyata Frau Imhof ta riga ta sanar da ni cewa doka ta hana binne roba a lambu, kuma tana kallo ta taga. To ta gyara zama. Za a yi jana'iza ranar Lahadi da tsakar rana, lokacin da kuka fi son shiru, a gindin bishiyar cerin da ke bayan gidana. Ba a bukatar fure, ba a bukatar cuku. Reto zai haƙa ramin, ba kuma zai ci komai ba.

Mai son yin ta'aziyya ya shigo kai tsaye. Zai tarar da ƙofa a buɗe, haka kuma zai bar ta. Babu sauran mai ce mini in rufe.